Kafin ka taɓa kuɗin fanshonka na Amurka: kurakuran haraji da aka fi yi

Da yawa daga cikin mutanenmu da ke aiki a Amurka sun tara kuɗin fansho a asusun wurin aiki da ake kira 401(k), ko a asusun fansho na IRA da suka buɗe da kansu. Ranar da ginin gida a Kano ko Kumasi ya tsaya a linta, ko hidimar aure ta taso, sai mutum ya ce bari ya ɗan ciri wani abu. A nan ake tafka asara, kuma yawancinta daga kuskure ɗaya take tasowa: mutum ya ga an zaftare masa wani kaso tun wurin biya, sai ya ɗauka ya gama da haraji.

Bai gama ba. Idan ka ce a ba ka kuɗin 401(k) a hannu, a mafi yawan lokuta doka ta wajabta wa masu riƙe da asusun su cire kashi 20 cikin 100 su tura wa hukumar haraji ta IRS. Wannan kafin alƙalami ne kawai. Ainihin lissafin sai lokacin cike takardar haraji a watan Afrilu, inda za a ɗora abin da ka cira a kan albashinka na shekarar. A ce shekarunka 45, ka ciri dala 50,000. Dala 40,000 za su shigo hannunka. Harajin Amurka mataki-mataki ne, yana hawa da yawan kuɗin shiga. Idan kuɗin duka suka faɗa matakin kashi 22, harajinsu dala 11,000 ne, ga kuma tarar kashi 10, wato dala 5,000, saboda ba ka kai shekara 59 da rabi ba. Jimla 16,000, alhali 10,000 aka riƙe. Sauran 6,000 daga ina, bayan kuɗin sun riga sun zama siminti da rodi? Wannan ban da harajin jiha: mazaunin Texas ko Florida ba ya biya, na New York kuwa yana biya.

Maganinsa a yi lissafi kafin a sa hannu. Da fom ɗin W-4R kana iya neman a riƙe fiye da kashi 20. Idan bukatar za ta iya jira, raba cirewar gida biyu, Disamba da Janairu, don kada duka su taru a shekara ɗaya su tura ka mataki na sama. Wanda kuma ya bar aiki a shekarar da ya cika 55 ko bayanta, tarar kashi 10 ba ta hawa kansa a 401(k) na wannan wurin aikin. Da ya kwashe kuɗin zuwa IRA, wannan sassaucin ya tafi.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na mai canza aiki, domin shi ko niyyar kashe kuɗin bai yi ba. So yake ya mai da su wani asusun, sai ya bari aka rubuta cak da sunansa. Nan take an cire kashi 20. Yana da kwana 60 ya zuba kuɗin a sabon asusu, kuma cif-cif ake so, har da wanda aka riƙe, daga aljihunsa. In bai cike gurbin ba, giɓin ya zama kuɗin da ya cira, da harajinsa da tararsa. Da ya zaɓi a tura kuɗin daga asusu zuwa asusu kai tsaye, abin da ake kira direct rollover, ko sisi ba za a riƙe ba.

A IRA kashi 10 ake riƙewa idan ba ka ce komai ba, kuma kana da damar cewa kada a riƙe ko kwabo. Masu murnar wannan damar su sani harajin yana nan, kuma rashin biya a kan kari na iya jawo wata tarar. In ka zaɓi haka, ka riƙa biya da kanka ta fom ɗin 1040-ES.

Sai masu komawa gida, wanda burin yawancinmu ke nan. Idan ba ɗan ƙasar Amurka ba ne kai, kuma ka daina zama mazaunin Amurka a idon hukumar haraji, kashi 30 ake riƙewa, domin Amurka ba ta da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Najeriya, Nijar ko Ghana da za ta rage shi. Mutane na haƙura da wannan kuɗi kamar sun ɓata, alhali idan abin da aka riƙe ya zarce harajin da ya hau kanka, kana iya neman ragowar ta hanyar cike fom ɗin 1040-NR. Kafin ka tashi, gyara adireshinka a wurin masu riƙe da asusun, don takardar 1042-S da ke nuna abin da aka cire ta same ka. Wanda ke zaune a Amurka kuwa takardar 1099-R ake aiko masa a farkon shekara, kuma a gurbi na 4 na takardar zai ga abin da aka tura wa IRS da sunansa.