Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓar wa ƙaramin kare abin wuya

Yawancinmu da karnukan gadi da na farauta muka saba, masu kaurin wuya, waɗanda ko sarƙa aka rataya musu ba za su nuna damuwa ba. Shi ya sa idan mutum ya samu ɗan ƙaramin kare, irin su Lhasa Apso da ake yawan gani a gidajen Abuja da Kaduna da Jos, ko Pomeranian, ko Chihuahua da nauyinsa bai cika wuce kilo 3 ba, sai ya ɗauko tsarin babban kare ya ɗora masa. Kusan duk kurakuran daga nan suke tasowa.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗaura igiyar yawo a jikin abin wuya. Maƙogwaron kare bututu ne da wasu zobban guringuntsi suke riƙe da shi a buɗe. A ƙananan karnuka, musamman Yorkshire terrier da Pomeranian da Chihuahua da ƙaramin poodle, zobban nan kan yi laushi har bututun ya riƙa lotsawa, iska ta kasa wucewa yadda ya kamata. Alamar ba ta ɓuya: wani busasshen tari mai ƙara kamar kukan dinya, wanda ke tashi idan karen ya yi zumuɗi, ko ya sha ruwa, ko aka fizge shi. Sau da yawa sai ka ji mai kare ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, alhali igiyar da ke hannunsa ce take ƙara rura matsalar. Maganin abin shi ne ɗamarar ƙirji, wadda ke zagaye ƙirji da bayan ƙafafun gaba, zoben igiya kuma yana a gadon baya. Da ita ƙarfin ja yake sauka a ƙirji da kafaɗu, wuya ya huta. Masu gajeren hanci da manyan idanu, irin su pug da Shih Tzu, sun fi kowa buƙatarta, don dama numfashinsu da ƙyar ne, kuma matse wuya yana ƙara matsin da ke cikin ido. Idan tarin ya riga ya fara, canja igiya kawai bai wadatar ba, a kai shi wajen likitan dabbobi.

Sarƙar nan mai shaƙe wuya idan an ja, da mai ƙusoshi ta ciki, ba su da wuri a wuyan ƙaramin kare ko kaɗan.

Sai sayen abin wuya da ƙiyasi. Mutum ya tsaya a shago ya ce a ba shi mafi ƙanƙanta, ya dawo gida ya tarar ko ya matse ko yana zamewa. A samu tef ɗin tela a auna wuyan kafin a fita. In babu, zare ma ya isa, sai a gwada shi da rula. Bayan an ɗaura, a zura yatsu biyu tsakanin bel ɗin da fata. Idan ba su shiga ba, ya matse. Sannan a ja shi a hankali ta wajen kunnuwa, in ya fice ta kai to ya yi sako-sako, kuma ran da babur ya firgita karen a titi zai sulale ya bar ka da igiya a hannu. Mai yawan gashi kuwa, a tura yatsa har ya taɓa fata, don gashi yana ruɗin ido. Faɗin santimita 1 zuwa 1.5 ya ishi yawancinsu.

Abin da ake mantawa shi ne ɗan kwikwiyo girma yake yi, bel kuwa yana nan yadda yake. Wanda ya yi daidai yau, nan da wata guda yana iya fara cin fata, kuma a ƙarƙashin gashi ba mai lura sai wari ya tashi. A zafin ƙasarmu, rauni irin wannan ba ya daɗewa ƙuda ya same shi ya zuba tsutsa. A riƙa dubawa duk mako har ya gama girma. Igiyar leda da waya da tsumma da wasu ke ɗaurawa wai kafin a sayi na gaske, su suka fi saurin yanka wuya.

Barin abin wuya dare da rana ma kuskure ne. Idan za a rufe kare a keji, a cire masa, domin zobe ko ɗan allon suna kan maƙale a waya, karen ya yi ta juyi har ya shaƙe kansa. Haka nan idan biyu suna wasan cizo, haƙorin ɗaya yana iya shiga bel ɗin ɗaya. Akwai mai maɓallin da ke ɓallewa da kansa idan an ja da ƙarfi. Shi ya fi dacewa da zaman gida, amma ba a ɗaura masa igiya. Bayan wanka ko dukan ruwan sama, a bar wuya da bel su bushe sarai kafin a mayar, don danshi ke kawo ƙaiƙayi da ƙuraje.

A kula da bel mai maganin kaska da ƙuma. Magani ne a jikinsa, kuma an auna shi ne bisa nauyi da shekarun kare, saboda haka na babba bai dace da ƙarami ba. A karanta kwalin, a yanke rarar da ta yi saura don kada ya tauna, a wanke hannu bayan an taɓa, yara kuma kada su yi wasa da shi. In akwai kyanwa a gidan, a faɗa wa likita tun kafin a saya, domin wasu magungunan kare, irin su permethrin, guba ne gare ta.

Kwalliya ba laifi ba ce, ni ma ina son ganin kare tsaf. Inda ake kuskure shi ne a fifita ta a kan nauyi da santsi. Duwatsun ado da ake mannawa da gam suna ɓallewa kare ya haɗiye, manyan ƙarafa suna nauyaya wuya kuma suna ɗaukar zafi a rana. Kafin ka biya kuɗi, ka juya cikin bel ɗin ka shafa a bayan hannunka. Ɗinkin da ya karce ka zai karce shi. Bel na nailan ba nauyi kuma yana wankuwa, fata mai laushi kuwa ta fi daɗewa. Mai dogon gashi ya fi jin daɗin fatar da aka naɗe ta zama zagayayya, don ba ta cukurkuɗa gashi. Baduku mai hannu zai iya ɗinka maka irinta daidai awo, sai dai ka goga ta da jiƙaƙƙen farin ƙyalle ka ga ko rinin yana zuba, musamman in karen fari ne.

Ainihin aikin abin wuyan ƙaramin kare shi ne ɗaukar shaidar mai shi, kuma wannan ne aka fi bari. A rataya ɗan allo marar nauyi mai lambar waya, ko a sa a rubuta lambar a jikin bel ɗin. Idan likita ya ba da alamar rigakafin ciwon haukan kare, a haɗa da ita, domin ran da karen ya fita ko ya yakushi wani, tambayar farko da za a yi maka ita ce ko an yi masa allura.