Darasi Kan Wa'adin Ƙara da Hujjar da Kotu Ke Karɓa a Laifin Bibiya da Tsangwama

Mutumin da ya dage da bin sawun wani, yana laɓewa kusa da gidansa, ko yana damunsa da kira da saƙonnin tsoratarwa, ya aikata laifi. A Abuja, sashe na 17 na dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ya tanadar wa mai bin sawu ko laɓewa ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko a haɗa masa duka biyun. Jihohi da dama, har da Kaduna, sun kafa irinta.

A tsarin shari'ar Nijeriya, laifi ba ya faɗuwa don ya daɗe, sai inda doka ta yanke wa'adi ƙarara. Amma kada wannan ya sa a yi sake, domin hujja tana da nata wa'adin. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 38, ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan kira da na masu layi na shekara 2 ne, saboda haka wanda ya yi ta haƙuri har wa'adin ya wuce yana iya tarar da babu abin da ɗan sanda mai bincike zai nemo masa. Wanda ake zargi shi ma doka ta kare shi: tsarin mulki ya ce in an kama shi a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Wajen hujja ne ƙararraki suka fi rushewa. Kotu na karɓar saƙon tes, da na WhatsApp, da muryar da aka naɗa, amma sai an cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, wato a bayyana na'urar da ta fitar da hujjar, a kuma tabbatar tana aiki daidai a lokacin, galibi da takarda mai sa hannu. A 2012, a shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka ciro daga intanet saboda rashin cika wannan sharaɗi, duk da cewa masu ƙarar suna da lauyoyi.

Don haka kada a goge saƙo komai muninsa, kada kuma a sayar da wayar da ya shigo cikinta. In za a ɗauki hoton saƙon, a tabbata lambar mai aikowa da kwanan wata da lokaci sun fito, kada a datse gefe. A ware ɗan littafi ana rubuta kowane aukuwa a ranar da ya faru, domin wannan laifi maimaituwarsa ake nunawa.

Shaida kuwa, maƙwabciyar da ta ga mutumin tsaye a ƙofar gida da idonta ita kotu za ta saurara. Wadda aka ba labari a bakin rijiya ba za a karɓi maganarta ba, ko da gaskiya take faɗa.