Yadda ake fita kashta da karafan a Saudiyya

Na daɗe a Jidda kafin in taɓa kwana a daji, kullum sai dai ranar Alhamis da yamma in ga Larabawa sun ɗaure wani ƙaton akwati mai tagogi a bayan mota sun nufi Usfan ko Shu'aiba, wuraren shaƙatawa a wajen gari. Akwatin nan shi ne karafan, ɗaki ne mai taya, da gado da ɗan kicin da banɗaki a ciki, fitar kuma ita suke ce wa kashta. Yanzu mun yi ta sau da yawa ni da iyali, kuma abin da na gane shi ne kyan karafan ba ya kwanar da mutum lafiya, abin da ke kwanar da kai shi ne lokacin da ka zaɓa, da ruwa, da wuta, da inda ka ajiye shi.

Da farko ka daidaita lokaci da wuri. Gabar Bahar Maliya tun daga Yanbu har Jazan zafi ne da gumi mai danƙo, kada ka kuskura ka kai yara bakin teku a watan Yuli ko Agusta, sai daga Nuwamba zuwa wajen Maris. In kuma hutun ƙarshen shekara na yara ne ya kama ka lokacin zafi, to dutse za ka hau, Ɗa'if da Shafa da Hada ga mu 'yan Makka da Jidda, ko dajin Ragadan a Baha, ko ka miƙe har Abha inda Suda ta kai kusan mita 3,000, can da daddare bargo za ka nema alhali Jidda na tafasa. 'Yan uwanmu na Riyad su kam Sumama suke zuwa, saharar da ke kusa da garinsu, amma su ma su sani in murabba'aniyya ta shiga, kwana 40 ɗin nan da ke farawa farkon Disamba, sanyin sahara ba irin hunturun Kano ba ne, ya fi shi cizo.

Na biyu, wane iri za ka hayo. Akwai wanda an riga an kafa shi a mukayyam, wato filin zango, kai dai ka zo da kayanka ka biya kuɗin dare, irinsu suna nan a manhajar Gathern da Haraj. Akwai kuma na ja wanda kai za ka ɗaura a motarka. Ni dai shawarata in karon farko ne ka ɗauki kafaffe, ka ga ko ma iyalinka suna son abin, don akwai matan da dare ɗaya ya ishe su. Na ja yana son mota mai ƙarfi irin Land Cruiser ko Patrol mai ƙugiyar ja a baya, kuma ribas da shi sai an koya, ka juya sitiyari dama shi ya tafi hagu. In Ɗa'if ka nufa da shi bi ta hanyar Sail, wadda ke wucewa ta miƙatin Ƙarnul Manazil, ta fi sauƙin hawa a kan kwane-kwanen Hada. Wajen gangarowa kuma ka sa ƙaramin giya, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa.

Na uku, kuma nan nake so ka tsaya, dubawa kafin ka ba da ko riyal ɗaya. Ka buɗe famfo ka ga ruwa na zuwa, ka kunna risho, ka danna banɗaki, ka duba tayar sifiya da jak, sannan ka ɗauki bidiyon ciki da waje don ranar mayarwa kada a ce kai ka fasa wani abu a cinye maka kuɗin ta'amin, wato kuɗin ajiya da ka bayar na jingina. Mukayyif kuma, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka ce a kunna shi da janaretan da za a ba ka, ba da wutar gida ba. Wannan da kaina na koya, mai karafan ya jona mana shi a soket ɗin gidansa sanyi kamar firji, muka je Shu'aiba muka tayar da janareta, da mukayyif ya ja wuta sai inji ya yi tari ya mutu, mu tayar ya mutu, har ƙarfe 1 na dare, ƙarshe a tabarma muka kwana a waje sauro na ta shagali, uwargida ba ta ce min komai ba sai da safe ta ce "Malam, ai da mun zauna a gida." Ashe janaretan ne ya yi masa kaɗan.

Ruwa kada ka dogara da tankin karafan, wannan na wanka da wanke-wanke ne. Mu shida muna tafiya da jarka mai lita 20 guda uku daban saboda alwala da girki, ban da katan-katan na ruwan sha, kuma kwana biyu suke ƙarewa. Fetur ɗin janareta ma ka riƙe ƙari, ka ajiye shi a inuwa nesa da wuta.

Na huɗu wurin ajiyewa. Wadi, wato busasshen rafi, yana da ruɗi, ga yashi mai laushi ga inuwar bishiyoyi, amma hanyar ruwa ce, ana iya yin ruwan sama a kan dutse nesa da kai inda ba ka ko ga hadari ba, ambaliya ta zo ta same ka kana barci. Duk wanda yake Jidda a Nuwamban 2009 ya san abin da ruwa ya yi, mutane sama da 100 suka rasu. Ka nemi tudu, ka kuma duba sanarwar hukumar hasashen yanayi ta ƙasa kafin ka tashi. In za ka shiga yashi ka rage iskar taya, ka tafi da famfon hura ta da igiyar ja da shebur, kuma mota biyu ta fi ɗaya. Ka isa tun kafin Magariba, ka daidaita karafan kada ya karkace, ka sa duwatsu a taya, ƙofa ta ba wa iska baya, janareta kuma can nesa ta inda hayaƙinsa ba zai shigo taga ba.

Doka ma akwai ta. Dazuzzuka da wuraren shaƙatawa na gwamnati ana neman izinin kafa zango, jami'an tsaron muhalli suna zagayawa, tarar zango ba izini ko hura wuta a inda ba a keɓe ba tana kaiwa riyal 3,000. Sare itacen daji an hana, ka sayi itacen da aka shigo da shi daga waje ko gawayi tun daga gari. Iƙamarka, wato katin izinin zama, da takardun mota su kasance a aljihu. Gawayin nan kuma dan Allah in an gama gasa nama da shayi a kashe shi a waje, kada sanyi ya sa a shigar da shi ciki a rufe ƙofa, iskarsa ba ta da wari, mutum yana barci take kashe shi. Lambar 'yan kwana-kwana 998 ce, ta motar asibiti 997, yankin Makka da Riyad kuma 911 ta haɗa duka.

A dutse birai ne matsala, na Hada da na Abha ba su da kunya ko kaɗan, leda suka gani a hannun yaro sai su fizge, don haka abinci a ciki, taga a rufe, kuma kada a ba su komai. A sahara kuwa kunama, kowa ya zazzage takalminsa da safe kafin ya sa ƙafa.

Ranar tashi ku tattara shara duka a baƙar leda ku tafi da ita, a binne tokar bayan an zuba mata ruwa. Tankin banɗaki kuma ba a buɗe shi a daji, tun ranar karɓa ka tambayi mai karafan inda ake zubarwa da kuma ko aikin naka ne ko nasa, don wasu in ka mayar da shi cike a cikin ta'amin ɗinka za su cire.