Yadda ake tabbatar da ingancin algoridim ɗin ABT da TLA+

ABT (Asynchronous Backtracking), wanda Makoto Yokoo da abokan aikinsa suka gabatar a 1992, hanya ce ta warware matsalar da aka raba wa kwamfutoci da yawa, kowace tana riƙe da nata ɓangaren, babu wadda ke ganin komai. Gwaji na yau da kullum ba ya wadatarwa a nan, domin kuskure yakan ɓuya a cikin wani jerin isowar saƙonni da ba kasafai yake aukuwa ba. Injiniyoyin Amazon sun taɓa gano irinsa a DynamoDB, rumbun adana bayanansu, kuskuren da ba ya bayyana sai an bi matakai 35, kuma da TLA+, harshen da Leslie Lamport ya ƙirƙira don bayyana yadda tsari ke aiki ta hanyar lissafi, suka kama shi.

A fara da ƙaramin misali: wakilai 3, wato kwamfutoci 3, masu maƙwabtaka da juna, kowa zai zaɓi launin da ya saɓa wa na sauran. Da launi 3 akwai mafita, da launi 2 babu, kuma dole a gwada duka biyun. A rubuta abin da kowane wakili ya sani: launinsa, launukan da yake zaton na sama da shi a jerin fifikon da ABT ke ba wakilai sun zaɓa, da haɗe-haɗen da aka sanar da shi cewa ba za su yiwu ba.

Inda ya fi buƙatar natsuwa shi ne hanyar saƙo. ABT ya ginu bisa sharaɗin cewa saƙonni tsakanin wakilai biyu suna isa bi da bi yadda aka aika su, don haka a ba kowace hanya layinta, a kuma raba aikawa da karɓa su zama matakai daban. Wanda ya haɗe su ya share ainihin abin da ake bincike, wato saƙon ƙin yarda, mai sanar da haɗin da ba zai yiwu ba, da ke isowa bayan wakili ya riga ya canza launi.

Daga nan a rubuta abin da ake son tabbatarwa. Idan kowa ya tsaya kuma dukkan layuka sun zama fanko, to a ce an cika kowane sharaɗi. Idan aka ayyana babu mafita, to lallai babu. Batun cewa aikin zai ƙare kuwa yana buƙatar sharaɗin adalci, cewa saƙon da ke jira za a karɓe shi, in ba haka ba TLC, manhajar da ke bincika abin da aka rubuta da TLA+, zai kawo misalin da kowa ya zauna kawai.

TLC yana bin kowane hali ɗaya bayan ɗaya, amma na wakilai 3 ko 4 da aka ba shi kaɗai. Mai son hujjar da ta shafi kowane adadi sai ya koma ga TLAPS ko Isabelle, manhajojin tantance hujjar lissafi, ya rubuta ta da kansa.