Yadda ake tsara harkar jiragen sama a ƙaramar ƙasa mai tsaunuka, mu duba Butan

Duk wanda aka ɗora wa aikin tsara harkar jiragen sama a ƙaramar ƙasar da ba ta da teku kuma tsaunuka sun mamaye ta, to ya fara ajiye zanen ginin matafiya a gefe tukunna, wancan mai gilasai da fitilu da shugabanni suke son yanka wa kyalle. Ginin shi ne na ƙarshe. Waɗanda za su yanke maka hukunci tun farko su biyu ne, tsauni da maƙwabci, kai dai naka bin abin da suka ce. Zan riƙa kafa misali da Butan, ƙasar nan da ke maƙale a tsaunukan Himalaya tsakanin Indiya da China, mutanenta ba su kai 800,000 ba, faɗinta kuma kusan murabba'in kilomita 38,000 ne, saboda kusan duk wahalar da ake sha a wannan harka ta sha ta.

Fara tambayar kanka ko ma kana buƙatar filin jirgin. Ba wasa nake ba. Andorra ba ta da filin jirgi a cikin ƙasarta, na Spain da Faransa take amfani da su, Liechtenstein ma mutanenta Zurich suke zuwa su hau jirgi, kuma ba abin da ya same su. In akwai babban fili a maƙwabta da mota za ta kai ka cikin awa biyu kan titi mai kyau, kuɗinka ya fi amfani a titin motar. Butan ba ta samu wannan gatan ba, hanyar mota daga Phuentsholing a bakin iyakar Indiya zuwa Thimphu babban birni hawa ce da kwana-kwana ta awanni, kuma damina tana zuwa ƙasa ta zaftare ta toshe hanya, to irin wannan ƙasa jirgi ya zame mata dole.

Toh an yarda ana buƙata, sai neman wuri, kuma nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi da kyau. Duk yadda ka ƙara hawa sama iska tana ƙara rashin kauri, injin jirgi ba ya samun ƙarfin da yake samu a bakin teku, fukafukai ma sai jirgin ya yi gudu sosai kafin su ɗaga shi. Hukumar ICAO mai kula da sufurin sama ta duniya tana da lissafi na farko da ake yi: duk mita 300 da ka hau sama da teku, ka ƙara kashi 7 cikin 100 a tsawon titin jirgi. Filin Paro, babban filin jirgin Butan, yana kan kusan mita 2,235, ka raba da 300 ka ninka da 7, za ka ga ƙarin ya haura kashi 50. Wato jirgin da mita 2,000 za su ishe shi a Legas, a can sai ya nemi sama da mita 3,000. Ba a gama ba fa, akwai na zafi, kashi 1 cikin 100 kan kowane digiri ɗaya da wurin ya ɗara mizanin da aka ware wa wannan tsayin, kuma mizanin yana farawa daga digiri 15 a bakin teku yana raguwa da 6.5 duk kilomita ɗaya, kenan a tsayin Paro ya kusa sifili, don haka rana mai ɗan ɗumi kawai ta isa ta ƙara maka wani kaso mai yawa. Sannan in titin yana da gangara a sake ƙarawa. ICAO da kanta ta ce in ƙarin tsayi da zafi ya wuce kashi 35, a daina wannan lissafin na kan takarda a yi nazari na musamman da bayanan jirgin da zai yi aiki a wurin. Titin Paro kuwa mita 2,265 ne kacal, iya abin da kwarin ya bayar kenan, kogi a gefe tsaunuka a gaba da baya. In titi bai kai ba jirgi ne zai rage nauyi, ko fasinja ko kaya ko mai, kuma kowanne ka rage kuɗi ne ka zubar.

Kar ka manta da filin da ake bari a ƙarshen titi saboda jirgin da ya zarce, aƙalla mita 90, an fi so ya kai 240 a manyan filaye. A kwari wannan ɗan filin gonar wani ce ko gidan wani, a biya diyya tun wuri a kuma kafa doka kan tsayin gine-gine a kewaye, don da zarar fili ya fara aiki otal-otal za su tsiro a bakinsa.

Bayan tsawon titi sai hanyar shigowa, wadda a gaskiya ta fi titin wuya. Tsaunukan da ke kewaye da Paro wasu sun kai mita 5,000 da wani abu, matuƙi yana bin kwari ne yana karkata har kusan lokacin da taya za ta taɓa ƙasa, shi ya sa ba a sauka sai da rana kuma sai ido yana gani, kuma matuƙa 'yan ƙalilan ne aka ba izinin sauka a wurin. Mai tsara fili dole ya zana hanya uku: ta sauka, ta fasa sauka in abu ya ɓaci a minti na ƙarshe, da ta tashi idan inji ɗaya ya mutu. Ta ukun nan ita ce ke kashe wurare da yawa da suka yi kyau a taswira, domin jirgin da inji ɗaya ya rage masa a hankali yake hawa, tsauni kuma ba ya matsawa. Na'urar nan ta sauka da ake kafawa a ƙasa tana son miƙaƙƙiyar hanya mai nisa, duwatsu kuma suna rikita mata sigina, don haka a irin wannan wuri an fi dogara da tsarin sauka ta tauraron ɗan'adam mai iya bin lanƙwasa, amma shi ma sai jirgin yana da kayan, matuƙin ya samu horo, hukuma ta tantance.

Iska kuma kar a yi mata gaggawa. A kafa na'urorin auna iska da gajimare a wurin a tattara bayanai na shekaru, biyar ake so, ba a ɗauko na wani gari da ke bayan tsauni ba, kwari kowanne da halinsa. Ƙa'idar ita ce titi ya fuskanci inda za a iya amfani da shi kashi 95 cikin 100 na lokaci, amma a kwari ba kai ke zaɓar fuska ba, kwarin ne. A Paro iska tana tasowa da rana ta yi, musamman a watannin bazara, shi ya sa yawancin jirage da safe suke shiga da fita. Wanda ya taɓa zaman jiran jirgi a Kano lokacin hazo ya san yadda abin yake, sai dai can ba 'yan makonni ba ne, kullum ne ake tsara aiki da shi. Wannan yana shafar gini kai tsaye: tunda jirage duk a 'yan awanni suke taruwa, wurin ajiye jirage da ɗakin jira sai a auna su da cunkoson safiya, ba da jimillar fasinjan shekara ba.

Jirgi da titi tare ake zaɓar su. Sojojin Indiya masu aikin hanya ne suka shimfiɗa titin Paro a 1968, kamfanin jiragen Butan, Drukair, aka kafa shi a 1981, ya fara aiki a 1983 da ƙaramin Dornier 228 mai ɗaukar mutum ƙasa da 20 zuwa Kolkata ta Indiya. A 1988 suka kawo BAe 146 mai inji huɗu, sai a 2004 Airbus A319 ya iso. Ni wannan hawa mataki-mataki ya fi burge ni da komai a labarin, sun shekara ashirin kafin su kai ga jirgin da wasu ke son farawa da shi ranar farko.

Yanzu maƙwabci. Ƙasar da ba ta da teku ba ta da hanyar sama tata, duk jirgin da zai zo sai ya ratsa samaniyar wani. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ba kowace ƙasa cikakken iko da samaniyarta, saboda haka kafin a zuba kankare ko bokiti ɗaya a zauna da maƙwabci a rubuta a sa hannu: ta wace ƙofa jirage za su shigo, a wane tsayi, wa zai riƙa magana da matuƙi har zuwa ina. Nepal ta buɗe filin Gautam Buddha a Bhairahawa a 2022, dab da iyakar Indiya, amma ƙarin ƙofofin shigowa da ta daɗe tana nema daga Indiya ba su samu yadda take so ba, filin ya tsaya jirage na waje sai jefi-jefi. Ka nemi har da izinin ɗaukar fasinja a garin maƙwabci ka wuce da su ƙasa ta uku, da shi Drukair ke zuwa Singapore ta garin Guwahati na Indiya, a sha mai a can a cike kujerun da aka baro babu kowa. Man jirgi ma ta hannun maƙwabcin zai biyo a tankoki, to a gina rumbun da zai riƙe fili kwanaki masu yawa in hanya ta toshe.

Maganar kuɗi a taƙaice: kar a yarda da hasashen fasinja da ɗan kwangila ko mai ba da bashi ya kawo. Filin Pokhara na Nepal an gina shi da bashin China na kusan dala miliyan 216, an buɗe shi 1 ga Janairu 2023, jiragen ƙasashen waje kuwa ba su zo yadda aka yi ta alkawari ba. Eswatini ma ta buɗe filin Sarki Mswati III a 2014 can nesa da gari, ya daɗe jirage 'yan ƙalilan ke sauka. A tambayi kamfanonin jirage baki da baki ko za su zo, a kuma duba manufar ƙasar kanta, Butan tana karɓar dala 100 a kowane dare daga baƙin yawon buɗe ido na yawancin ƙasashe, da gangan take taƙaita su, to ba za a tsara mata fili kamar na Dubai ba.

Idan filin kwari ya cika ba inda za a ja shi, a sauko ƙasa. Butan ta juya zuwa Gelephu a kudu, shimfiɗaɗɗen wuri a bakin iyakar jihar Assam ta Indiya, inda Sarki Jigme Khesar Namgyel Wangchuck ya sanar da sabon birni a Disambar 2023, an kuma fara aikin babban fili a 2025 da niyyar gamawa a 2029. Can babu matsalar tsayi, ana iya saukar dare da manyan jirage, amma ruwan damina da ambaliya suna nan, kuma kusancin iyaka ya sa maganar samaniyar Indiya ta sake dawowa. Sannan wanda ya sauka Gelephu yana son zuwa Thimphu sai an tanadar masa hanya, in ba haka ba an ɗauke matsalar ne kawai daga sama an ajiye ta a ƙasa.

Filayen cikin gida kuwa a yi su ƙanana kuma a yi su daidai tun farko. Yongphulla da ke gabas an buɗe shi a 2011, aka rufe saboda titin yana buƙatar gyara sosai, sai 2017 ya dawo aiki. Wasu wuraren ma ba titi suke buƙata ba, ɗan fili na jirgi mai saukar ungulu kusa da asibiti ya wadatar, Butan ta fara wannan hidimar a 2015. A Lesotho ƙananan jirage ke kai likitoci ƙauyukan kan dutse a titunan ƙasa marasa kwalta, kuma aikin yana tafiya.

Sai mutane, waɗanda kullum a kasafi su ake mantawa. Masu kula da zirga-zirga a hasumiya, masu hasashen yanayi, 'yan kwana-kwana, injiniyoyi, duk horar da su yana ɗaukar shekaru, a tura su karatu tun ana share fili, a kuma yi musu albashin da zai hana kamfanonin Gulf kwashe su. A raba mai sa ido da mai gudanar da fili, kar hukuma ɗaya ta zama ita ce alƙali ita ce mai ƙara. Butan ta raba nata gida biyu a 2015. Nepal kuwa tun Disambar 2013 Tarayyar Turai ta hana jiragen Nepal shiga samaniyar Turai, kuma haɗa ayyukan biyu a hukuma ɗaya yana cikin abubuwan da ake ta ƙorafi a kai.

In duk wannan ya kammala sai a ɗauko zanen ginin matafiya. A yi shi yadda za a iya ƙara masa ɓangare nan gaba ba tare da an rushe ba, a lissafa girgizar ƙasa tunda yankin Himalaya yana fama da ita, a tanadi janareto da magudanun ruwa masu faɗi, bola da mayanka kuma a kai su nesa saboda tsuntsaye.