Yadda Ake Zaɓen Na'urar Karanta Littattafai da Inda Ake Sayensu

Mutane da yawa sukan fara da duba kyan na'ura, sai bayan sun biya kuɗi su tarar littattafan da suke nema ba sa buɗewa a kanta. Ka fara da kantin littattafai tukuna, na'urar ta biyo baya.

Mataki na farko, ka rubuta sunayen littattafai goma da kake son karantawa, ka neme su a kantin Kindle na Amazon, da na Kobo, da Google Play Books. Ka duba waɗanda ke akwai, ka kuma tabbatar kantin yana sayar wa mutanen ƙasar da kake zaune, domin wani littafin ana ganinsa a wata ƙasa amma ba a ganinsa a wata. Dalilin wannan wahala shi ne kullen da ake kira DRM, wanda yawancin littattafan manyan kantuna ke zuwa da shi. Kullen yana ɗaure littafi da asusunka. Wanda ka saya a Amazon da wannan kulle sai a na'urar Kindle ko manhajar Kindle. Na'urar Kobo ba za ta buɗe shi ba. Na Apple Books kuwa sai a kayan Apple. Kobo da Google suna amfani da tsarin fayil ɗin littafi mai suna EPUB, wanda na'urori irin su PocketBook ma ke karantawa, don haka igiyar tasu ta fi tsawo.

Kuma ka sani, abin da kake saye izinin karatu ne kawai. A 2019 kamfanin Microsoft ya rufe kantin littattafansa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, aka mayar musu da kuɗinsu. A watan Fabrairun 2025 Amazon ta cire hanyar da ake sauke littafin Kindle a kwamfuta a tura shi ta kebul ɗin USB zuwa na'ura. Ni dai a ganina, wanda ba ya son a ɗaure shi da kanti ɗaya ya karkata wajen na'urar da ke karanta EPUB kai tsaye. Wanda kuwa sauƙi yake nema da yawan littattafai, Kindle ta ishe shi.

Mataki na biyu, allo. Ka nemi mai fasahar E Ink, wadda rubutunta ke zama kamar na takarda, ana karanta shi ko a tsakar rana. Allon ba ya cin wuta sai lokacin juya shafi, shi ya sa caji ɗaya ke kai makonni. Ka zaɓi mai ɗigo 300 a kowane inci don haruffa su fito tas. Inci 6 ko 7 ya wadatar ga labarai. Amma idan yawancin karatunka fayilolin PDF ne na makaranta ko aiki, ka nemi inci 10, saboda shafin PDF ba ya sake jera kansa. A ƙaramin allo sai ka yi ta ja da yatsa kana matse ido. Masu launi, irin su Kobo Libra Colour da Kindle Colorsoft da suka fito a 2024, launinsu a dushe yake, allon kuma ya ɗan fi duhu. In ba littattafan zane kake karantawa ba, mai baƙi da fari ya fi.

Na uku, ƙananan abubuwa: fitilar da ake iya mayarwa ruwan ɗorawa da dare, alamar IPX8 ta jure ruwa, da maɓallan juya shafi ga mai riƙewa da hannu ɗaya. Kada wurin ajiya ya dame ka. Gigabait 16 na ɗaukar dubban littattafai.

Na huɗu, da na'urar ta shigo hannunka, ka gwada ta da rubutun da ke da ƙ, ɗ da ɓ. Wani salon haruffan ba shi da su, sai ka ga ɗan akwati ko harafin da ya fita daban a tsakiyar kalma. Kindle da Kobo duka suna barin ka haɗa su da kwamfuta ka zuba naka salon a jakar “fonts”.

Na biyar, kada ka tsaya a kanti ɗaya. Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya kafa a 1971, yana da tsofaffin littattafai sama da 70,000 kyauta. Kantin Smashwords na sayar da nasa ba kulle, wasu mawallafa ma haka suke yi a shafukansu. Idan ɗakin karatun da kake rajista da shi yana cikin tsarin ba da aron littattafai ta intanet na OverDrive, kana iya aron littafi ta manhajar Libby. Tun 2022 Send to Kindle, hanyar Amazon ta tura fayil zuwa Kindle, na karɓar EPUB marar kulle. Kafin ka biya kuɗi a ko'ina, ka sauke samfurin kyauta ka karanta shafukan farko. Duk littafin da ka samu ba kulle, ka adana kwafinsa a kwamfuta da manhajar Calibre, wadda kyauta ce, tana kuma sauya littafi daga wani tsari zuwa wani idan ka canza na'ura.