Ga masu fara karatun manɗiƙi: ku gwada hujja kafin ku yarda da ita

'Yan'uwa, ga dabarar da ta fi taimaka mini. Kafin ka ɓata dare kana ƙoƙarin tabbatar da wata hujja, fara neman yanayin da zai rusa ta: inda duk gabatarwar (jimlolin da aka gina hujjar a kansu) ta zama gaskiya amma sakamakon (abin da aka ciro daga gare su) ya zama ƙarya. Guda ɗaya tak in ka samu, hujjar ta faɗi.

Duba wannan: "Idan an yi ruwa, ƙasa za ta jiƙe. Ƙasa ta jiƙe. Ashe an yi ruwa." Kunne yana karɓarta nan take. To, in bututu ne ya fashe fa? Gabatarwa biyun suna nan daram, sakamakon kuwa ƙarya ne. Amma ka riƙe gabatarwar farko, ka ce "ƙasa ba ta jiƙe ba, ashe ba a yi ruwa ba", wannan ba ta da makusa. Na daɗe ina rikita su biyun, sai da na riƙa zana jadawalin gaskiya da ƙarya da hannuna, wato jerin duk yanayin da jimloli za su iya zama gaskiya ko ƙarya, layi huɗu kacal ga jimloli biyu.

Ku lura, ingancin hujja daban, gaskiyar gabatarwa daban. Hujja kan inganta ko da gabatarwarta ƙarya ce, domin siga ake dubawa.

In ka nema ka rasa abin da zai rusa ta, sai ka shiga tabbatarwa, layi bayan layi, kana rubuta ƙa'idar da ta ba ka kowane layi a gefensa. Layin da ka kasa faɗin ƙa'idarsa, koma masa.